Akwatin sanyi da allin rubutu

Yau na tsinci tsohuwar rigata ta aikin rigakafin shan inna, sai ga hawaye.

Da na shiga aikin sa kai, cewa ake yi wahalar banza ce. Amma a horon nan na koyi duba tambarin kwalbar magani: in tsakiyarsa ya yi duhu, zafi ya lalata shi, ba a ɗiga wa yaro. Na koyi cike takardar ƙidaya, da zama da uban da ya ƙi yarda, in saurare shi tukuna.

Ranar ganawar aikin da nake yi yanzu, waɗannan aka tambaye ni.

Agustan 2020, da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali mai yaɗuwa da kanta, Hajiyar da ta horar da mu na fara kira. Allah ya saka mata da alheri.