Gurbin da ba shi da suna

Lahadi. Tun bayan asuba nake gaban kwamfuta da salsalar gidan Malam Babba, wadda aka ɗora mini kafin taron zumunci na bayan babbar salla. Sunaye 412 zuwa yau. Siffar icce ta ƙi ni tun makon jiya: mata huɗu, kowace da ɗakinta, ga auren zumunci da ke sa reshe ya koma ya manne da wani reshen. Sai na mai da ita da'ira. Malam a tsakiya, kowane ɗaki da launinsa, 'ya'ya a zobe na farko, jikoki a na biyu, tattaɓa-kunne can bakin takarda. Ta zauna, har na ji daɗi, ko da yake sunayen gefe sun koma kamar ƙwayar gero.

'Yan Jibiya har yanzu ba su turo nasu ba.

Da la'asar na hau kabu-kabu zuwa unguwar Bagalam, nan Maraɗi, in karanta wa Gwaggo. Tana kan tabarma, ina karantawa tana lanƙwasa yatsu. Da na gama ɗakinsu ta ɗago kai.

"Mu nawa ka sa?"

"Bakwai, Gwaggo."

"Tara Inna ta haifa."

Ɗaya Sa'adu ne, ƙyanda ta tafi da shi yana tatata. Wannan da sauƙi, na rubuta. Ɗayar kuwa mace ce, an haife ta shekarar da ruwa ya ci tsohon gari, wato 1945, da Gulbi ya yi ambaliya mutane suka bar fadama suka hau tudu. Kwana biyar ta yi a duniya, ba ta kai suna ba.

Na ce, "To me zan rubuta?"

"Kada ka rubuta komai, ɗana. Ka dai bar mata wuri tsakanina da Yaya. Inna har ta rasu tana ƙirga ta."

Gwaggo ba ta ma gan ta ba, bayanta aka haife ta. Amma ta riƙe ta shekaru kusan tamanin, ni kuma na zo da takarda mai launi huɗu na shafe ta ban sani ba.

Abdu ya ce farin gurbi zai yi kama da kuskuren mai bugawa, kuma sai na matsar da ɗakin gaba ɗaya. Na matsar. Awa biyu ya ci, an ɗauke wuta sau ɗaya a tsakani.

Furar da Hadiza ta dama tana nan ban taɓa ba. Sauran ɗakuna ukun nake ta kallo, kowanne a cike tsaf, babu gurbi ko ɗaya. Ɗakin Hajiya Ƙarama ma babu tsohuwar da ta rage da zan je in tambaya.