Zuwa ga mutanen Damagaram masu tambayar allurar bayana

Assalamu alaikum. Gaisuwa ɗaya ta ishi kowa, daga Birni har Zengo, don in na ce zan bi gida-gida takardar za ta cika ban faɗi abin da ya zaunar da ni rubutu ba. Lafiyata ƙalau, da ƙafafuna biyu nake tafiya. Da wannan na fara saboda tun ranar da uwargida ta faɗa wa ƙanwata cewa za a yi mini allura a ƙashin baya, ita kuma ta saki murya a WhatsApp ɗin dangi, wayata ba ta huta ba. Tambayar kowa ɗaya ce: "Ba za ta shanye maka ƙafa ba?" Goggo ma cewa ta yi in tattaro in dawo a yi mini ƙaho. To ga amsa wuri guda, mai karatu ya karanta wa marar karatu. Masu tambayar kuɗin haya da yadda muke azumi a nan Liyon ta Faransa, ku ma ban manta da ku ba.

Ciwon ya kai shekara 3. Aikina ɗaukar kwalaye ne a wani katafaren sito, a ɗaga a aje, daga safe har la'asar. Da farko ƙugu ne kawai, na ce gajiya ce. Daga baya ya zama kamar an saka mini wayar lantarki daga ɗuwawun hagu, ta bi bayan cinya, ta sauka har babban yatsa. Ruku'u ya gagare ni. Ni da ban cika 50 ba, sai ga ni ina sallar Juma'a bisa kujera a sahun tsofaffi. Abin da hoto ya nuna shi ne: tsakanin kowace gaɓa biyu ta ƙashin baya akwai wani faifan guringuntsi, kamar gammo tsakanin kai da tulu. Nawa, wanda ke tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5 ta ƙugu, shi ne ya bultso ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa, wurin ya kumbura. Su a nan siyatik suke ce masa.

Kafin in kai ga allurar kuwa, sai da na sha takardu har suka ginshe ni. Ku da kuke gani a Faransa likita na bakin ƙofa yana jiran marar lafiya, ku saurara. Akwai likitanka na kanka da ka yi rajista da shi, shi za ka fara gani, kuɗin ganinsa yuro 30, wajen jika 20 ke nan a kuɗinmu. Ka biya, ka miƙa wani koren kati mai suna Carte Vitale, daga baya hukuma ta maido maka kaso mafi yawa, sauran kuma wata inshora ta biyu ta cike. Sunanta mutuwel. Kada Inna ta ji ta yi salati, ba ruwanta da mutuwa. Wannan likitan ya rubuta mini takarda zuwa ga likitar gaɓoɓi. Randebu da ita sai a intanet, na buɗe na ga wurin da ba kowa sai bayan wata 2. Na je, ta ce sai da hoton IRM, wanda ake tura mutum cikin wani bututu mai ƙara kamar injin niƙa. Shi ma randebu. Na koma mata da hoton, wani randebu. Ta rubuta takarda zuwa ga likitan hoto wanda zai yi allurar, da takardar awon jini, da ordonans ɗin maganin, don kai ne za ka je farmasi ka karɓo ruwan allurar ka zo da shi a hannunka. Nan na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe har Faransa ma ana aiken marar lafiya sayen allurarsa. Ranar farko da na je ajiye takardu aka maido ni, wai awon jinin ya daɗe, in sake. Wata rana kuma wai takardar likitar ba ta ce hagu ko dama ba. Mutumin Damagaram ya san jira, mu da muka tashi muna kwanan zaune gaban famfo a watan bazara. Amma mai jiran ruwa yana da abokan hira, ga 'yan garuwa ana ta barkwanci. Nan kai ne da wayarka da wata murya mai cewa ka danna 1, ka danna 2.

Da aka tsayar mini da rana, saura kwana 40. A cikin kwanakin nan ne tsoro ya samu fili ya yi gini.

Ba zan ɓoye muku ba, don ɓoyewar ce ta fi wahalar da ni. Ina kwanciya sai gabana ya hau faɗuwa, tafin hannuna ya jiƙe, in wayi gari ido biyu. Kuma na san inda abin ya samo asali. 'Yan unguwarmu za su tuna yaron maƙwabtanmu da muka yi lakwal tare, wanda masassara ta kama aka yi masa allurar kinin a ɗuwawu, ya tashi yana jan ƙafa har ya girma. Duk wanda ya tambaye ni zancen shanyewar ƙafa, na san irin wannan yaron yake gani a ransa, don kusan kowace unguwa tana da nata. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake yi. Na ƙara wa kaina da shiga intanet ƙarfe 2 na dare ina karanta labaran waɗanda allura ta ɓaci a kansu. Wanda aka yi wa ya tashi lafiya ya tafi kasuwarsa ai ba ya zaman rubuta labari, sai wanda ya ji jiki. Na san da haka, amma ban fasa karantawa ba, sai da na koma barin wayar a kicin in na gama sallar lisha.

Abin da ya fara sassauta mini shi ne wata 'yar takarda. Wani ɗan Maraɗi da muke haɗuwa a masallaci, wanda aka taɓa yi wa irinta a kafaɗa, ya ce mini: "Malam, rubuta duk abin da ke hana ka barci, ka kai wa likitar gaɓoɓin. Aikinta ne ta amsa." Na ji nauyi. Mu an hore mu cewa likita ba a yi masa tambaya, ya rubuta ka karɓa ka ce na gode. Namiji kuma bai cewa yana tsoro, tun ranar kaciya aka gama wannan maganar. Na dai cije na rubuta tambaya 7, ta farko ita ce taku. Na ba ta labarin yaron unguwarmu. Ba ta yi mini dariya ba. Ta ce abin sananne ne, in aka soka allura a inda bai dace ba a ɗuwawu tana iya samun wannan babbar jijiyar, kinin kuma magani ne mai cin nama. Ta ce tawa da ido za a yi ta: ana soka ta ana kallon inda bakinta yake a allon na'ura, kuma a gefen jijiyar ake zuba maganin. Ban da haka ta faɗa mini gaskiya, ba ta ce babu haɗari ba. Ta ce ƙwayar cuta na iya shiga, jini na iya taruwa, wani yakan yi ciwon kai na 'yan kwanaki, shanyewar ƙafar ma an taɓa gani, sai dai abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Abin mamaki, jin haka ya fi kwantar mini da hankali a kan "ba komai, ba komai" da kowa ke ce mini. Tsoron da aka kira sunansa ɗaya bayan ɗaya ya fi wanda ke zaune a duhu sauƙin ɗauka.

Ita ce ta bayyana mini maganin. Dangin kortizon ne, wanda likitocin Amurka suka fara gwadawa a kan mai ciwon gaɓoɓi a 1948, har aka ba su kyautar Nobel a 1950. Aikinsa kwantar da kumburi, ba ya mayar da gammon da ya bultso. Wani ya samu sauƙin makonni, wani na watanni, wani ma bai ji wani bambanci ba. Ba a kuma yin ta fiye da sau 3 ko 4 a shekara. Ta tambaye ni ko ina da ciwon sukari, don tana ɗaga sukari na kwanaki, ko ina shan maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa yi mini borin jini. Ta ce in zazzaɓi ya kama ni ranar, in kira a ɗaga.

Sauran kwanakin da abu biyu na riƙe su. Na farko numfashi: in ja a hankali ina ƙirga 4, in sake shi ina ƙirga 6, har ƙirjina ya sauka. Na biyu addu'ar nan da ke cikin Sahihu Muslim, wadda ake ɗora hannu a wurin ciwo, a yi bismillah sau 3, sannan sau 7 a nemi tsarin Allah da ikonsa daga sharrin "abin da nake ji da abin da nake tsoro". Shekara da shekaru ina karanta ta, sai bana na lura da rabinta na biyu.

Ranar ta zo da sanyin da ke tsaga kunne, gari ko rana babu. An ce in karya kumallo kamar kullum, in zo da ɗan rakiya don ba zan tuƙa mota ba. Wannan ɗan rakiyar ya fi komai ba ni wuya. A gida da rabin unguwa ce za ta biyo ni da tabarma da kwanon fura, har majo ya kore su. Nan sai da ɗan Maraɗin ya nemi izini a wurin aikinsa, Allah ya saka masa da alheri. Da na shiga ɗakin na ce wa likitan, da bakina, tsoro nake ji, kuma ina iya suma. Ya ce madalla da na faɗa, zai riƙa gaya mini duk abin da zai yi kafin ya yi. Aka kwantar da ni rub da ciki bisa wani siririn gado, aka sa mini matashi ƙarƙashin mara. Nas ɗin mace ce, ta ɗan zame mini wando, kunya ta sa na manta da tsoro na ɗan lokaci. Ta shafe bayana da wani ruwan magani mai launin lalle, sanyi ƙarara. Ya ce: "Yanzu za ka ji kamar cizon tururuwa, allurar kashe zafin wurin ce." Ba tururuwa ba ce, cinnaka ne, amma bai daɗe ba. Babbar allurar kuwa ban ji tsininta ba, nauyi kawai na ji, kamar wani ya danna mini babban yatsa a ƙugu ya ƙi ɗagawa. Gadon ya shiga na'ura ya fito, ya shiga ya fito. Ni dai idona na kan wani ɗan tabo a ƙasan ɗakin, ina ƙirga salati da yatsu. Da ya fara zuba maganin sai wani abu ya tsarga mini har diddige, irin ciwon nawa sak. Na ce wayyo da Hausa. Ya tsaya, ya tambaye ni ina na ji, na faɗa, ya ce wurin ke nan, saura kaɗan. Ina kan salati na 60 da wani abu ya ce an gama. Duka-duka minti 20 bai cika ba. Aka manna ɗan filasta, na zauna rabin awa ana dubana, muka fito.

Kwana 2 na farko ciwon ƙaruwa ma ya yi, fuskata ta ɗau zafi, barci ya ƙi. Da ba a gaya mini haka na iya faruwa ba, da na ce tawa ta ƙare. A kwana na 5 na sa safa ba tare da na zauna ba. Yau mako 6, ina ruku'u, sujada ce dai nake lallaɓawa. Ana tura ni wurin mai motsa gaɓoɓi sau 2 a mako, shi kuwa ba ya wasa, ya ce allurar lokaci kawai ta saya mini in ƙarfafa naman baya da na ciki.

Yaya, wannan naka ne, ka yi haƙuri da na sa shi a bainar jama'a. Kai ma na san ƙugu na damunka, kuma an ce mini duk wata akwai mai zuwa gida ya yi maka wata allura ka ji garau. Ban san mece ce ba, ina jin kai ma ba ka sani ba. In dangin kortizon ce, ita ce fa 'yar uwar ƙwayar sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba, kuma in ta yi yawa tana kumbura fuska, ta ɗaga sukari da tansiyo, ta cinye ƙashi. Diklofenak ɗin da kake haɗawa kullum kuma ciki da ƙoda yake ci. Ni da nake tsoron guda ɗaya da aka yi ana kallo a allo, kai kana miƙa ɗuwawu duk wata ko gezau. Ka je babban asibiti a yi maka radiyo, ka tambayi likita sunan abin da ke damunka, ya rubuta maka a takarda.

Zancen haya: tsada ce, ɗaki ɗaya na cin kusan rabin albashi. Na azumi sai wani jiƙon, bayana ya fara gaya mini na daɗe a zaune. Yaya, in mutumin naka ya dawo, kafin ya fasa kwalbar ka sa yara su ɗauki hotonta ta gefen da ke da rubutu su turo mini. Ranar 12 ga wata zan koma wurin likitar, zan nuna mata.