Lokacin da ake buga waya daga cikin Gmail

Wai akwai wanda yake tuna lokacin da ake buga waya daga cikin Gmail kuwa? Ba catin nake nufi ba fa, kira na gaske, ka danna lamba a kwamfuta wayar mutum ta yi ringin a aljihunsa. A watan Agusta 2010 Google suka kawo abin, can gefen hagu inda sunayen abokan hira suke za ka ga ɗan hoton waya, kana taɓawa sai lambobi su fito kamar na wayar hannu, amma kafin nan dole ka sauke wata 'yar manhaja ta murya ka sa a burauza, ka kuma nemo makirfo da abin sawa a kunne. Su da bakinsu suka ce cikin awa 24 na farko an buga kira sama da miliyan 1.

Da farko mutanen Amurka aka buɗe wa, kiran Amurka da Kanada kyauta, sauran ƙasashe kuma sai ka zuba kuɗi a asusunka ana cira minti-minti, wasu ƙasashen santi 2 kacal na dalar Amurka. Sai 2011 aka buɗe wa sauran duniya.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne wanda ka kira ba ruwansa da intanet. Muryarka ce take bi ta intanet har ta isa wajen Google, daga nan su miƙa ta ga layin waya na yau da kullum, shi ya sa ɗalibin da ke karatu a waje zai iya kiran tsohuwarsa a ƙauye ta ɗauka da 'yar Nokia ɗinta mai tocila, ba data ba komai. WhatsApp duk daɗinsa ba ya wannan, sai ku biyun kuna da babbar waya da data. Matsalar dai in netwok ɗinka ba ƙarfi sai murya ta dinga yankewa, kana sallama ana amsa maka bayan ka kai gaisuwa ta uku.

Daga baya Hangouts, manhajar hira ta Google, ya haɗiye abin, shi ma a 2022 aka rufe shi. Google Voice, wato tsarin kiran waya na Google, yana nan amma asusun mutum na kansa sai wanda ke Amurka, Skype ɗin ma da mutane suka koma wa don irin wannan kiran, masu shi Microsoft sun rufe shi a watan Mayu 2025.