Na bar aikin, bashin motar bai bar ni ba

Jama'a yau maganar mota zan yi, motar bashi, irin wadda da yawanmu masu aikin kula da tsofaffi a nan Ingila muka ɗauka ba don kwalliya ba sai don aikin ya ce dole. Tun da aka buɗe wa masu wannan aiki ƙofar biza a watan Fabrairun 2022 mutanenmu suka yi ta shigowa, kuma duk wanda ya faɗa ɓangaren bi gida-gida ya san zancen, ranar farko za a tambaye ka kana tuƙi? Kana da mota? In ka ce a'a sai ka ga awanninka sun ƙi cika, mai mota ana ba shi gida goma kai ana ba ka uku. To mutum ya zo da bashin kuɗin jirgi a wuyansa, ga haya, ga 'yan gida suna jiran a turo, ina zai samu fam dubu bakwai ko takwas a dunƙule ya sayi mota? Sai dila. Dila kuma bakinsa zuma, zai ce miki Hajiya ai fam ɗari biyu ne kawai a wata, ki sa hannu nan da nan ki tafi da makulli.

Haka na ɗauki tawa. Kuma gaskiya ta yi min aiki, ƙarfe shida na safe ina kan hanya cikin duhu da sanyi, but ɗin cike da kwalayen safar hannu da atamfofin roba na ɗaurawa a gaba, daga gidan wannan tsohuwa in ba ta magani in haɗa mata shayi, in wuce gidan wancan dattijo in taimaka masa ya tashi daga gado. Kuɗin mai da kamfanin ke biya bai kai peni 45 a kowane mil da hukumar haraji ta amince da shi a lokacin ba, lokacin da nake ɓatawa a hanya tsakanin gida da gida kuwa kada ma a yi maganarsa. Daga baya Allah ya kawo min wani aikin a gidan kula da tsofaffi kusa da inda nake zaune, bas ɗaya ke kai ni har bakin ƙofa, na ajiye wancan. Sai ga mota a ƙofar gida tana shan ruwan sama, ba inda take zuwa sai masallaci ranar Juma'a da kantin 'yan Afirka, amma duk farkon wata kuɗi na fita daga asusuna, ga inshora, ga harajin hanya, ga gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT.

Abun da ke min ciwo har yanzu shi ne, aikin ne ya buƙaci motar amma bashin da sunana yake. Kamfanin da ya matsa sai na yi mota ko kwabo bai sa hannu a kai ba. Ranar da ka tafi, ko suka rage maka awanni, ko aka ƙwace musu lasisin ɗauko ma'aikata kamar yanda ya faru da kamfanoni da yawa, su ba ruwansu, kai da masu bashi ne. Ni dai a ganina wannan ba adalci ba ne, wanda ke cin ribar tafiyar shi ya kamata ya ɗauki wani abu na nauyinta. Amma tunda haka tsarin yake, gara mutum ya san ƙofofin fita, kuma wallahi akwai su, kawai dila ba zai faɗa maka ba.

Farko ka ɗauko takardar yarjejeniyar nan da ka cusa a durowa ka duba wane irin bashi ne, don ba duka suke ɗaya ba. Akwai HP, wanda kake biya kaɗan-kaɗan har ka gama mota ta zama taka. Akwai PCP, shi ne wanda aka fi tura mutane, kuɗin wata kaɗan ne amma akwai wani babban kuɗi da ke jiranka a ƙarshe in kana son riƙe motar, kuma an ƙayyade maka mil nawa za ka yi a shekara. A duka biyun nan motar ba taka ba ce tukuna, ta kamfanin bashi ce ko da sunanka ne a takardar rajistar mota, wato V5C. Saboda haka ba ka da ikon ka saka ta a Facebook ka sayar wa wani ɗan uwa ka yi shiru, duk wanda ya duba lambarta a intanet zai ga akwai bashi a kanta, kuma kai ka jefa kanka cikin rigimar da ta fi ta farko. In kuwa rance ka karɓa daga banki ka je ka saya da kanka, to motar taka ce, ka sayar ka biya banki, amma abun da zan faɗa yanzu bai shafe ka ba. Haka mai motar haya ta dogon zango, shi ma nasa daban ne.

Akwai doka a ƙasar nan, Consumer Credit Act ta 1974, sashe na 99 da na 100. Abun da ta ce a taƙaice, mai HP ko PCP yana da ikon ya kawo ƙarshen yarjejeniyar ya mayar da mota, kuma abun da ake bin sa bai wuce rabin jimillar kuɗin ba, in dai ya kula da motar kuma ya biya duk watannin da suka wuce shi. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne, har adadin rabin ma yana nan a rubuce cikin takardarka ƙarƙashin bayanin haƙƙinka na fasawa. Sai dai a lura, rabin jimilla aka ce, wato kuɗin mota da kuɗin ruwa da kuɗin takardu, in PCP ne har da babban kuɗin nan na ƙarshe. Nan ne mutane ke ruɗewa, mutum ya ga ya ci shekara biyu cikin huɗu ya ɗauka ya kai rabi.

Bari in buga misali. A ce jimillar fam 15,000 ce, ka ba da 1,000 kafin alƙalami, kana biyan 200 a wata har wata 48, sannan 4,400 na jiranka a ƙarshe. Rabi shi ne 7,500. Kafin abun da ka biya ya kai haka sai wata na 33, kusan shekara uku kenan. Da HP ne a kan jimilla iri ɗaya, kuɗin wata zai kai wajen 290 amma a wata na 23 ka riga ka haye. To in ka bar aiki a wata na 20 a kan PCP ɗin nan, 5,000 ka biya, saura 2,500 ka kai rabi. Doka ba ta ce sai ka jira ba, kana iya fasawa yau ka cike gibin. Sai ka zauna da biro ka auna, in cike 2,500 yanzu in huta da inshora da komai, ko in ci gaba da biya ina amfani da motar har in kai? Amsar kowa daban, ya danganta ko motar tana maka wani amfani.

Kafin nan ma akwai lissafin da ya kamata a fara yi, ka nemi kamfanin su ba ka kuɗin rufe bashin gaba ɗaya in yau za ka biya, dole su ba ka kuma ana rage wani abu daga kuɗin ruwan da bai zo ba. Sai ka gwada shi da abun da masu sayen mota za su ba ka. In motar ta fi bashin daraja alhamdulillahi, dila ya biya kamfanin kai tsaye ya miƙo maka canji, ka fita da ɗan abu a hannu. Tawa ba ta kai ba ko kusa, don aikin bi gida-gida cin mota yake, mil ya yi yawa, ga gajerun tafiye-tafiye na kunna-kashe duk yini. Shi ya sa na bi hanyar rabin.

Yanda na yi, na kira masu inshora na ce su cire min ɓangaren amfani da mota wajen aiki tunda na daina, kuɗin ya ɗan sauka. Na ci gaba da biya ina tara abun da zan cike, 'yan adashinmu suka yarda aka ba ni kwasa da wuri, Allah ya saka musu da alheri. Sannan na rubuta imel, ban tsaya ga waya kawai ba, na sa lambar yarjejeniya da lambar mota na ce ina amfani da haƙƙina ƙarƙashin sashe na 99 in kawo ƙarshen yarjejeniyar. Don Allah a riƙe wannan da kyau, domin akwai wata hanyar mai kama da ita wadda ba ita ba ce, wato ka miƙa musu mota kawai don ka gaza, su kai ta gwanjo su sayar a kan ko nawa, duk abun da bai cika ba su biyo ka da shi. Tsakanin biyun nan akwai dubban fam. In ka kira a ruɗe kana cewa ku zo ku ɗauki motarku na gaji, ba lallai wanda ke kan layin ya tsaya ya bambance maka ba. Kuma in sun turo wata takarda ka sa hannu, karanta ta kalma-kalma tukuna.

Ranar ɗaukar mota na wanke ta ciki da waje, na ɗauki hoton ko'ina, tayoyi, kujeru, gilashi, allon da ke nuna mil, har bidiyo na yi ina zagaya ta. Mutumin da ya zo ya durƙusa yana shafa bakin kowace taya da yatsa, ya tsaya a kan wani ƙarcen da ke ƙofar baya ya auna tsawonsa ya ɗauki hoto. Tsufa irin na yau da kullum ba a cajinsa, amma lotsawa ko yagewar kujera za su turo maka takardar biya. Maganar wuce mil kuma ita ce ake yawan jayayya a kai, kamfanoni da yawa suna nema in yana cikin yarjejeniya, don haka ka sa shi a lissafinka tun farko. In ka ga an yi maka cajin da bai dace ba ka rubuta musu ƙorafi, suna da mako 8 su amsa, bayan nan kana iya kai ƙara wajen Financial Ombudsman, ofishin da ke raba gardama tsakanin mutane da kamfanonin kuɗi, kuma kyauta ne. Kada a manta a sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci, cewa mota ta bar hannunka, su za su dawo maka da harajin cikakkun watannin da suka rage.

Yanzu wanda ya fi damuna shi ne ɗan uwan da ba barin aiki ya yi da kansa ba, rasa shi ya yi. Kamfani ya rufe, takarda ta zo cewa kwana 60 gare shi ya samu wani mai ɗaukar nauyin biza, ba albashi, ga mota. Abun da na ga mutane na yi shi ne su soke biyan wata daga banki su daina ɗaga waya, wasiƙu na zuwa ana tura su ƙarƙashin katifa saboda kunya da tsoro. Wallahi na fahimci halin, amma shirun nan shi ke ɓata komai. In aka rubuta maka gazawar biya a tarihin bashinka shekara 6 take yi a wurin, kuma masu gidan haya da kamfanonin waya suna dubawa. Sannan in ka bari har kamfanin ya riga ka soke yarjejeniyar, haƙƙin nan na rabi ya tafi. Ka kira su tun kafin watan farko ya kuɓuce, ka faɗa musu gaskiya, ƙa'idar FCA, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin kuɗi, ta wajabta musu su saurari wanda ya shiga matsi su duba yanda za a sassauta. Kuma ka sani in ka riga ka biya kashi ɗaya cikin uku na jimillar, 5,000 kenan a misalin can, ba su da ikon ɗauke motar sai da umarnin kotu ko da yardarka. Akwai StepChange, akwai National Debtline, akwai Citizens Advice, duk kyauta suke ba da shawara, kuma ta hannun irinsu ake samun tsarin nan na hutun kwana 60 da aka fara a Ingila da Wales a 2021, wanda ke dakatar da masu bin bashi da ƙarin ruwa ka samu ka numfasa. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba abun ɓoyewa ba ne har ya kashe ka.

Wasu kuma sai su ce ai kawai ka shiga kai abinci ko ɗaukar fasinja da motar ta biya kanta. A yi hattara. Yawancin yarjejeniyoyin sun hana, inshorar mota ta yau da kullum ba ta rufe wannan aikin, ɗaukar fasinja sai da lasisin ƙaramar hukuma, uwa uba bizar da kake kai tana da iyakar irin aikin da za ka ƙara a gefe. Kada garin ceton mota a rasa zama. Haka masu ba wa wani motar ya riƙa biya a madadinsu ba tare da kamfani ya sani ba, ranar da ya yi haɗari ko ya daina biya ƙofarka za a ƙwanƙwasa, zumunci kuma ya lalace.

Sai maganar da ba ma son yi a fili, riba, wato kuɗin ruwa. Da yawanmu da nauyin zuciya muka sa hannu. A gida ko ba komai akwai irin su Jaiz da ke aiki tun 2012, banki ya sayi mota ya sayar maka da ribar da kuka yi ciniki, nan kuwa sabon zuwa da ba shi da tarihin bashi zaɓinsa kaɗan ne kuma ruwan da ake ɗora masa ya fi na kowa. Ni wannan na daga cikin abun da ya sa na ƙagu in fita da wuri, ranar da imel ɗin ƙarshe ya zo cewa ba a bi na komai sai da na yi sujada. Wanda kuma ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya, don girman Allah kada ya ajiye mota a filin jirgi ya jefa makulli a kwandon shara, haƙƙin mutane ne kuma ga hanyar sauke shi doka ta tanada.

Ƙanwata da ke shirin fara aikin bi gida-gida ta tambaye ni kwanan baya ko ta je wajen dila. Na ce mata ta fara tambayar kamfanin a rubuce awa nawa suka tabbatar mata a mako, nawa suke biya a mil, kuma ko suna da motar aiki, don wasu suna da ita sai dai ba sa faɗa. In ba makawa sai ta yi mota, mu haɗa mata kuɗi ta sayi tsohuwar Yaris ko Jazz mai lafiya ta biya lakadan, ranar da ta bar aikin ta sayar da abunta ko ta ajiye, ba mai kiranta. Ta ce Yaya ai tsohuwar mota sai yawan zuwa gareji, na ce haka ne, mu samu makanikin kirki ya duba mana kafin mu biya. Ranar Asabar za mu je ganin wata.