Tarihin Rayuwata (Kashi na 7): Juma'ar da Ta Ɓace Mini

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya ne a inda ni da Baba muka isa Babban Masallacin Kano, ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014. Da yawanku kuna jiran in faɗi abin da idona ya gani lokacin da bama-bamai suka tashi, aka buɗe wa masallata wuta, mutum sama da 100 suka rasu. Wallahi babu shi a kaina. Na tuna na shimfiɗa darduma ta ɓangaren Gidan Sarki, Baba ya miƙo mini takalmansa na sa a leda. Daga nan sai ganina na yi zaune a kan tabarma a ƙofar gidanmu, mutane na miƙo hannu suna cewa "ya haƙuri", ni kuwa ina tambayar Yaya wa ya rasu.

Ashe sadakar uku ake yi. An ce ni na gane gawar Baba, har da ni aka ɗauki makara.

Gwaggo ta ce iska ce ta shafe ni. Aka yi ruƙiyya, na sha rubutu, ban kuma raina ko ɗaya ba, don ƙauna ce ta sa. Abin da ya ci mini rai shi ne masu cewa taurin zuciya ne, wai ko hawaye ban yi ba. Ta yaya zan yi kukan mutuwar da a wurina ba a yi ta ba? Da asuba ina tashi in ɗebo masa ruwan alwala a buta. Inna ta tare ni a bakin ɗaki, muryarta na rawa: "Ɗan nan, ajiye butar. Malam ya riga mu gidan gaskiya."

Yaya ne ya dage muka je asibiti. Aka ɗauki hoton kaina, babu rauni ko kaɗan. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce firgici idan ya fi ƙarfin mutum, ƙwaƙwalwa takan rufe wannan lokacin ta hana shi kaiwa gare shi, alhali sauran abubuwa suna nan daram. Haka kuwa yake: ina hawa keken ɗinkina, ina karatun Alƙur'ani, ban manta bashin da nake bin kowa ba. Ya ja kunnen Yaya: kada a tsare ni da "ka tuna mana", kada a nuna mini hotunan ranar a waya, abin zai iya dawowa da kansa, kaɗan-kaɗan.

Ya fara dawowa kuwa. Wata rana ina Kantin Kwari sayen yadi, tayar wata mota ta fashe a bayana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za ku ji abin da na tuna a wurin, da dalilin da ya sa na kasa faɗa wa Inna.