Bashi da jari: abin da mangazar albasa ta koya mini game da tashin Almasihu

A Adar, wanda bai ga bashin albasa ba bai ga bashi ba. Manomi yakan zuba iri wajen watan Oktoba, ya dasa a Nuwamba ko Disamba, daga nan sai ban ruwa babu fashi har albasa ta ƙosa. Man inji kuɗi, taki kuɗi, 'yan ƙwadago kuɗi. Da yawansu ba su da abin da za su tari wannan hidima da shi, sai su je wurin ɗan kasuwa su karɓa, a kan za su biya da albasa idan an cire. To ana cirewa ne a Maris da Afrilu, daidai lokacin da kowa ya cire tasa, buhu ya faɗi warwas. Mai hali shi ke zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira, domin kafin ƙarshen shekara farashi yakan ninka har ya sake ninkawa. Mai bashi kuwa ba ya jira. Tun albasar na gona an riga an san mai ita.

Aikina riƙon littafin lissafi ne a wata mangaza a cikin garin Tawa, inda ake tara kaya daga Tamaske da Kaita da Tabalak, a loda wa manyan motoci masu zuwa Kumasi, Abijan da Lome. Duk wanda ya ci bashi, ni ke rubuta sunansa. Duk wanda ya biya, ni ke sokewa.

Wata shekara rijiyar wani manomi ta janye tun albasa ba ta yi kai ba, gonar ta ƙone ƙurmus. Ya zo ya durƙusa gaban maigidana, ya kasa ɗaga ido. Alhaji ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya waiwayo ya ce mini, "Malam, soke masa." Na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunansa da duk abin da ke gabansa. Mutumin nan ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, ya yi ta sa albarka har ya fita. Da Oktoba ta kewayo sai ga shi a kan tabarmar nan dai, hula a hannu, yana neman na iri da na mai. Babu wanda ya ga laifinsa. An yafe masa, gaskiya ne, amma yafewar ta ajiye shi ne a kan babu, babu kuwa ba ta sayen lita ɗaya ta mai. Na buɗe sabon shafi na sake rubuta sunansa.

Na tashi a gidan masu bi, kuma bisharar da na fi ji tun ina yaro ita ce ta jan biron nan. Bulus ya faɗa wa Kolosiyawa cewa Allah ya soke takardar bashin da ke kanmu, ya kafe ta a jikin gicciye. Ba na rage wa wannan magana ko ƙwayar zarra, a kanta nake tsaye. Sai dai idan mutum ya dubi zaman da yawanmu, zai ga irin na manomin nan ne. Ran Lahadi a furta zunubi, a ji sanyi a rai, kafin Laraba an koma tabarmar da aka baro. Mai fushi da fushinsa, mai kwalba da kwalbarsa, mai ƙarya da ƙaryarsa. Har mun samo wa kanmu mafaka a cikin karin magana, mu ce hali zanen dutse, mu ce ai ɗan adam ajizi ne, a wuce wurin.

A karatun Littafi Mai Tsarki na daren Laraba ne na fara ganin ɗaya gefen, lokacin da fastonmu ya bi da mu wasiƙar Romawa sura bayan sura. Bulus ya rubuta ta daga Koranti wajen shekara ta 57, kuma a farkon sura ta 6 shi da kansa ya jefa tambayar da kowane ɗan kasuwa zai jefa: tun da ana yafewa, mu ci gaba da ci ke nan domin alheri ya ƙaru? Na zaci zai ce mu ƙara ƙoƙari, mu ɗaure ɗamara. Bai bi ta nan ba. Cewa ya yi an binne mu tare da Almasihu a cikin baftisma, domin kamar yadda aka tashe shi daga matattu, mu ma mu yi tafiya cikin sabon rai. A sura ta 8, aya ta 11, ya ce Ruhun da ya tashi Yesu yana zaune a cikin mai bi. A farkon wasiƙar Afisawa kuma yana yi musu addu'a idonsu ya buɗe su gane cewa ikon da ke aiki a cikinsu shi ne dai wanda ya fito da Almasihu daga kabari.

Amma ayar da ta tsaya mini a rai tana 1 Korantiyawa 15:17, inda ya ce idan ba a tashi Almasihu ba, bangaskiyarku banza ce, har yanzu kuna cikin zunubanku. Mutumin da ya ce bai ƙudura sanin komai ba sai Almasihu gicciyayye, shi ne kuma yake cewa in da labarin ya ƙare ran Juma'ar da aka gicciye Yesu, da muna nan inda muke. Ashe ran Juma'a aka soke bashi, ran Lahadi aka ba da jari. Jarin kuma rai ne, ran wani da mutuwa ta riga ta gwada ƙarfinta a kansa ta kasa.

Da a aji kawai na ji wannan, da ya zauna a kai bai sauka ba. A bakin mota na gan shi yana tafiya da ƙafafunsa.

Shugaban 'yan lodinmu wani dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Waɗanda suka san shi a da sun ce babu kamarsa wajen gyara wa buhu fuska: manya masu sheƙi a sama, ƙanana da masu ruɓa a tsakiya, a ɗinke baki, sai an isa bakin teku asiri ya tonu. Idan kuma manomin bai yi lakkwal ba, Baba ya san yadda ake ƙirga buhu goma sha biyu su zama goma, a raba sauran da dillali da dare. Ya ji bishara ne lokacin da ya yi jinyar ɗansa a asibitin Galmi, wanda mishan SIM suka buɗe a 1950, daga baya aka yi masa baftisma. Shi ba ya ɓoye wannan tarihin, in ka tambaye shi zai ba ka tiryan-tiryan.

Ista, bikin tashin Almasihu, kullum tana faɗawa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, wato a tsakiyar cirar albasa, a tsakiyar zafi, lokacin da cuta ta fi yawa domin kaya sun fi yawa. Litinin ɗin Ista ranar hutu ce ga ma'aikatan gwamnati a ƙasar nan, amma mota ba ta san hutu ba. A irin wannan Litinin ce wani tsoho ya kawo kaya daga wajen Tamaske tare da wani dillali da ya daɗe yana kawo mana ciniki. Ana cikin saukewa, dillalin ya matso kusa da teburina, ya faɗi adadin da zan rubuta a hankali, ya tura mini jika 10 a ƙarƙashin littafi, ya ce na Baba na nan daban. Adadin ya gaza na gaskiya da buhu uku. Tsohon yana can gefe a inuwar bango yana ɓare goro, bai san ana yanka shi ba.

Ban kai ga buɗe baki ba sai na ji Baba ya tsayar da yara. Ya kira tsohon, ya ce, "Yaya, taso ka tsaya nan." Ya ɗauki wani guntun kara, duk buhun da aka ɗaga sai ya ja layi a ƙasa, ya faɗi lambar da ƙarfi yadda har direba zai ji. Gumi na tsiyaya daga gemunsa, ɓawon albasa ya manne masa a hannu har gwiwa, bai daina ba sai da aka kai na ƙarshe. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, rubuta abin da idonka ya gani." Na rubuta, na mayar wa dillali kuɗinsa. Baba bai zagi kowa ba, bai tona wa dillalin asiri gaban jama'a ba, ya koma ga aikinsa.

Da yamma muna shan shayi na ce, "Baba, yanzu kai ba ka jin kwaɗayin irin wannan kuɗi sam?"

Ya ce, "Wa ya gaya maka? Ina ji mana. Hatsin gidana ya kusa ƙarewa. Amma da, in ya kira ni, tashi nake, ba ni da ta cewa. Yanzu in ya kira, ina jin muryarsa sarai, sai dai na san ba ubangidana ba ne. Ubangidana yana da rai, ɗazu ma yana tsaye a bakin motar nan."

Baba bai iya karatu sosai ba, amma abin da ya faɗa shi ne Romawa 6:14, cewa zunubi ba zai ƙara mulki a kanku ba. Bulus bai yi wa kowa alkawarin cewa jaraba za ta daina kira ba. Mulkinta ne ya ce ya ƙare. Kuma abin bai tsaya ga kame hannu ba. Afisawa 4:28 ta ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, domin ya sami abin ba mabukaci. Na sha ganin Baba ya tattara albasar da aka tsame, wadda ta ɗan taɓu amma tana ciwuwa, ya saya da kuɗinsa a wurin Alhaji, ya aika wa gwauraye mata na unguwarsu su sayar a ƙofar gida. Hannun da ya saba rage wa mutane shi ne yanzu ke ƙara musu.

Wani zai ce ai riƙon gaskiya ba na Kirista kaɗai ba ne. Haka ne, kuma ni shaida ne. Maigidana Musulmi ne, ya san abin da addininsa ya ce a kan masu tauye mudu, ban taɓa ganin ya ci haƙƙin manomi ba, shi ne ma ya soke bashin da na ba da labari. Ba gasar wa ya fi wani nake yi ba. Abin da nake faɗa shi ne na ga mutumin da gari duka ya yanke wa ƙauna ya sake, na tambaye shi inda ya samo ƙarfin, ya nuna mini kabarin da babu kowa a ciki. Ni ma da na ɗora nauyina a wurin, ya ɗauke ni.

Inda na fi bukatar wannan ba a kan kuɗi ba ne ma. Ran 16 ga Janairu 2015 aka fara ƙona majami'u a Damagaram, washegari wutar ta kai Yamai, inda hukuma ta ce an ƙone 45, mutum goma kuma suka rasu a garuruwan biyu. Ina da 'yan'uwa a Yamai, wasu a gidan maƙwabtansu Musulmi suka kwana, su suka ɓoye su. Shugabannin ikilisiyoyi suka fito suka ce sun yafe. Faɗa da baki abu ne mai sauƙi ga wanda ba nasa aka ƙona ba, amma su nasu aka ƙona. Ran Litinin na zo aiki ƙirjina kamar zai fashe, ina kallon mutanen da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya, zuciya tana raya mini abubuwa a kansu alhali ba su taɓa ashana ba. Baba ya lura. Ya hura gawayi, ya dafa shayi, ya miƙa mini faranti ya ce, "Ɗana, zagaya da shi, fara da Alhaji." Na san abin da yake nufi. Yesun da ya tashi, kalmar farko da ya gaishe da almajiransa da ita salama ce, su da suka watse suka bar shi. Bitrus da ya yi musun saninsa sau uku, bayan mako bakwai shi ne ya tsaya a Urushalima ran Fentikos har mutum wajen 3,000 suka tuba. Idan wannan Yesun ne ke zaune a cikina, to ƙiyayya ba ta da ɗaki a gidan. Na zagaya da shayin. Fushin bai tafi a ranar ba, amma bai sami abin hawa ba.

Kada kuma a ɗauka abin dare ɗaya ne. Li'azaru ya fito daga kabari da rai sosai, amma a nannaɗe da likkafani, sai da Yesu ya ce wa na kusa su kwance shi. Baba har gobe yana da saurin hasala, yakan daka wa yaran lodi tsawar da ba ta kamata ba. Bambancin shi ne kafin magariba za ka gan shi ya nemi yaron, ɗan da bai kai jikansa ba, ya roƙe shi ya yafe masa. Akwai kuma dattawa biyu a majami'armu da ya ba izinin su tambaye shi komai, har abin da ya shiga aljihunsa a mako. Ba ya fashin addu'ar asuba, yana cewa jarin da ba a juyawa cinye shi ake yi. Shekarun baya ya bi wasu ƙauyuka da kansa yana mayar da abin da ya tuna ya rage wa mutane, inda ya tarar mai kaya ya rasu ya ba magada, wasu suka karɓa, wasu suka ce sun bar masa.

Abin yana da tsada, wannan ma ya kamata a faɗa. Dillalin nan tun daga ranar ya karkatar da motocinsa zuwa wata mangaza, ya kuma janye wasu abokansa. A lissafin ƙarshen shekarar na ga gurbin da suka bari, ba kaɗan ba ne. Na kai wa Alhaji littafin, na gaya masa dalili ba tare da na rage komai ba. Ya duba shafin, ya tambayi ko tsohon Tamaske ya karɓi kuɗinsa cif. Na ce ya karɓa. Ya ce a ƙara wa Baba jika 5 a wata, dillalin kuma kada kowa ya je biko.