Emulshan ya tsaya, ɓerayen ne suka ƙi kumbura

Jama'a yau raina a ɓace yake wallahi. Muna gwajin jawo wa ɓeraye ciwon kumburin gaɓɓai ne ta hanyar yi musu allurar kolajin, furotin ɗin da ke cikin guringuntsi. Mun yi allurar farko a gindin jela, mun yi ta tuni a rana ta 21 yadda tsarin ya ce, yanzu mun wuce lokacin da ya kamata a ce ƙafafu sun fara ja suna kumbura, amma kullum na buɗe keji sai in tarar da su garau suna tsalle suna hawa murfi. Ɗaya ne tak ya nuna wani abu. Ƙafar baya ta hagu, yatsan tsakiya, ya yi ja ya ɗan tasa, na riƙe shi ta ƙeya na haska da tocilar waya na kalla na sake kalla, na sa kalifa, abin auna kauri, na auna. Maki 1 ne a ma'aunin da kowace ƙafa ke kaiwa 4, wato 1 cikin 16, amma na ji daɗinsa har cikin raina.

Kuma tun kafin wani ya ce mini laifin emulshan ne, wato gaurayen ruwan kolajin da mai da muke yi musu allurar da shi, ba shi ba ne. Wannan karon ya tsaya. Duk wanda ya gwada haɗa kolajin nau'i na biyu da adjuban na Freund, wato man da ke zaburar da garkuwar jiki, a zafin Gombe ya san wahalar da ke ciki. Kolajin zare uku ne a tufke, da ya ji ɗumi sai tufkar ta warware ya koma jelatin, kuma da ido ba za ka gane ba, ruwan yana nan yadda yake, alhali antibodin da ke kawo ciwon, wato furotin ɗin da garkuwar jiki ke fitarwa, ainihin siffar tufkar suke ganewa. Ga ɗauke wuta cikin dare, ka narka shi a asid na asetik ka sa a firiji ya kwana, da safe ka tarar firijin ya huce. Sai na daina dogara da firiji, na koma kula cike da ƙanƙarar da nake sayowa a Pantami, aikin haɗawa kuma sai bayan asuba kafin gari ya ɗau zafi, sirinjin gilashi guda biyu a jone, in fara tura ɓangaren ruwa cikin man, in yi ta turawa in tsaya in nutsa su cikin ƙanƙara domin gugar kanta tana kawo ɗumi. Ya fito fari fat da kauri kamar kindirmo, na ɗiga a ruwan sanyi ɗigon ya zauna a dunƙule bai baje ba. Kwalbar kolajin ɗin nan da dala aka biya, ga kuɗin kawo ta cikin sanyi, har yanzu ban gama biyan wanda ya ranta mini ba, shi ya sa nake lissafin kowane ɗigo.

To me ya rage? Jinin ɓerayen.

Abin da muke samu a nan fararen ɓerayen nan ne da ake kira Swiss, na wajen wani mai kiwo na sayo, lafiyayyu ne ba laifi, amma ba tsatso ɗaya ba ne, kowanne da irin gadonsa, kuma ba wanda zai iya faɗa maka nau'in H-2 ɗinsu, wato rukunin ƙwayoyin gadon da ke tsara abin da garkuwar jiki za ta gane. Ita kuwa wannan cutar ta kolajin tun asalinta zaɓe gare ta. A 1977 Trentham da abokan aikinsa suka fara nuna ta a manyan ɓeraye (rat), a 1980 Courtenay da nasa suka nuna ta a ƙanana (mouse), kuma ɓeran da kowa ke amfani da shi har gobe shi ne tsatson DBA/1 saboda yana ɗauke da nau'in H-2q. Ƙwayar I-Aq, wadda ɓera mai H-2q ke da ita, ita ce ke iya riƙe ɗan guntun kolajin, wajajen amino asid na 260 zuwa 270, ta miƙa wa ƙwayoyin T na garkuwar jiki, su kuma su taimaki ƙwayoyin B su zubo antibodi. In ɓera ba shi da abin riƙe guntun nan, ko ka yi emulshan mafi kyau a duniya maganar ba za ta isa kunnen ƙwayoyin T yadda ya kamata ba. Tsatson B10.RIII mai H-2r shi ma yana kamuwa. BALB/c mai H-2d ba ya kamuwa ta wannan hanyar, C57BL/6 mai H-2b kuma an daɗe ana cewa ba ya yi, sai a 2000 wasu masu bincike a Ostareliya suka nuna yana yi in aka yi amfani da kolajin na kaza da adjuban mai ƙwayar tarin fuka da yawa. Haka abin yake a mutane ma, HLA shi ne takwaran H-2 a jikinsu, kuma masu HLA-DR4 sun fi shiga haɗarin amosanin gaɓɓai.

Wani babba a ɗakin gwajinmu ya ce mini, kai dai hannunka ne bai faɗa ba tukuna. Na ce Malam Allah ya ƙara girma, ko hannun wa aka kawo, in ɓeran ba shi da gadon ba zai kumbura ba. Abin da ya fi ƙona mini rai kenan a aiki da ɓerayen da ba a san asalinsu ba, in abu bai yi ba babu yadda za ka raba laifin hannu da na gado, sai dai a yi ta zargi.

Kuma ko H-2q ɗin kansa ba shi kenan ba fa. Tsatson SWR yana da H-2q amma ba ya kamuwa, kuma daga cikin dalilan da aka gano akwai rashin C5, ɗaya daga cikin furotin ɗin garkuwa da ke cikin jini da ake kira komplimen, wato antibodin na iya zuwa ya manne a guringuntsi amma babu mai kiran nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, su zo su yi ɓarna. Shi ya sa ɗan ɓeran nan nawa mai jan yatsa yake da daraja a wurina, na ɗauki ɗan samfur daga kunnensa na ajiye a etanol, duk ranar da aka samu kuɗin firaima na gwajin DNA sai na ga me yake ɗauke da shi.

Kit ɗin ELISA na auna IL-17, sinadarin garkuwar jiki mai kawo kumburi, yana nan a kula ban buɗe ba, ba zan ƙona shi a kan ɓerayen da ba su da ciwo ba. Mai tambayata dalilin da ya sa ban sayi na intaferon gama ba, wanda shi ma sinadarin saƙo ne na garkuwar jiki, ga shi: a 1997 an ga ɓerayen da ba su da risefta ɗinsa, wato abin karɓar saƙonsa, ciwon ya fi zuwa musu da wuri kuma ya fi tsanani, sannan a 2003 aka nuna rashin IL-23, mai ingiza fitar IL-17, yana kare ɓera, rashin IL-12 kuwa, mai ingiza fitar intaferon gama, ƙara ta'azzara abin yake. Don haka in kuɗinka na kit ɗaya ne, ni dai layin IL-23 da IL-17 zan bi.

Abin da nake tunani yanzu, in kwamitin ɗa'a ya amince da sauyin, in koma mBSA, wani furotin na jinin shanu da aka sarrafa, a yi rigakafin farko da shi sannan a sa shi kai tsaye cikin gwiwa ɗaya a bar ɗayar ta zama abin kwatance a jikin ɓera guda, wannan bai damu da H-2q ba. Matsalarsa allurar cikin gwiwa, gurbin ƙarami ne ƙwarai, sai na samu wanda ya iya ya zaunar da ni. DBA/1 daga ɗakin gwajin Jackson na Amurka kam ba maganar aljihuna ba ce. In akwai wanda a cikinku ya san inda ake kiwon BALB/c ko C57BL/6 na gaskiya a ƙasar nan, masu takardar asali ba wanda za a ce maka da baki ba, don Allah ya taimaka mini, ko Bauchi ne ko Jos zan hau mota in je. Shi kuma mai jan yatsan na fara jiƙa masa abinci ina sa masa a ƙasan keji don kada ya riƙa miƙewa a kan ƙafar, gobe da safe zan sake aunawa in Allah ya kai mu.